Masu Tsara Biranen Bakin Teku: Aiki Ya Yawaita, Iko Bai Ƙaru Ba

Girgizar ƙasar da ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 ta hallaka mutum fiye da 50,000, kuma hotunan da duniya ta fi gani na benaye ne da suka zube hawa bisa hawa. A Iskenderun, birnin tashar jiragen ruwa na lardin Hatay, an ga ƙarin wani abu. Ƙasar bakin gaɓa, wadda yawancinta yashi ne da cikon da aka yi don samun filin gini, ta lotsa, sai teku ya shigo tituna ya kwanta, kuma ya sha dawowa daga baya duk sa'ad da iska mai ƙarfi ta taso. A rabon aikin gwamnati na da, girgizar ƙasa ta injiniyan gini ce, ambaliya ta ma'aikatar ruwa, yanka filaye kuwa na ofishin ƙasa da safiyo, kowa da fayil ɗinsa. Unguwa irin wannan ta haɗa ukun wuri guda, kuma a cikin ofisoshin babu wanda zai iya yanke hukuncin da ya fi kowane nauyi: a sake gini a nan, ko a tashi?

Yanke wannan hukunci shi ne ya zama sana'a mai zaman kanta cikin shekaru 15 da suka wuce. Jami'o'i sun buɗe kwasa-kwasan digiri na biyu a kai, bankunan raya ƙasa suna neman masu shi, manyan birane sun ƙirƙiri muƙamai dominsa. Bunƙasar ta gaske ce, dalilanta ma masu ƙarfi ne. Abin da ke damuna shi ne guraben sun taru a inda ake rubuta rahoto, an bar teburin da ake hana gini babu kowa a kai.

Tushen al'amarin yana ƙarƙashin ƙafa. Yawancin biranen gaɓa an kafa su ne a bakin kogi, bisa laka da yashin da ruwa ya tara, daga baya aka cike fadamu aka ƙara fili. Irin wannan ƙasa tana nitsewa a hankali idan aka zuƙe ruwan da ke cikinta, idan kuma girgiza ta zo sai ta ƙara mata ƙarfi, wani lokaci ma ta dame ta koma kamar kunu, gini ya kife da harsashinsa. Haka aka yi a Palu ta Indunisiya a Satumban 2018, inda ƙasa ta haɗiye unguwannin Petobo da Balaroa, igiyar tsunami kuma ta share bakin gaɓa; an rasa mutum fiye da 4,000. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa teku ya ɗaga da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurin ɗagawar ƙaruwa yake. Amma akwai sassan arewacin Jakarta da suka riƙa nitsewa da kwatankwacin haka a shekara guda, saboda ruwan famfo bai wadata ba, kowane otal da masana'anta da gidan mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse. Abin da ɗumamar duniya ta yi a ƙarni guda, rashin famfo ya yi shi a shekara. Tokyo ta taɓa shiga wannan hali, wasu unguwanninta sun nitse fiye da mita 4, sai da aka taƙaita zuƙar ruwan ƙasa aka ja wa masana'antu wani ruwan, sannan nitsewar ta lafa a shekarun 1970. Indunisiya kuwa ta sanar a 2019 cewa za ta ɗauke fadar gwamnati zuwa sabon birni a tsibirin Borneo, wanda aka sa wa suna Nusantara. Masu tsara birane sun sami aiki, ba laifi, amma mutum fiye da miliyan 10 na Jakarta suna nan inda suke.

Ranar da ta fi sauya tunanin 'yan sana'ar ita ce 11 ga Maris 2011. Japan ta tsaurara dokar gini a 1981, ta ƙara gyara ta bayan girgizar Kobe ta 1995, kuma a 2011 gine-ginen sun riƙe amana: girgiza mai maki 9 ba ta zubar da su yadda aka ji tsoro ba. Ruwan tsunami ne ya yi kisan. Mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na gawarwakin da aka bincika nutsewa suka yi. Garin Taro yana da katangar teku mai tsayin mita 10 da ake zuwa gani daga ƙasashen waje, igiyar ta haye ta. Ƙauyen Fudai kuwa ya tsira albarkacin wata ƙofar ruwa mai mita 15.5 da tsohon shugabansa, Kotoku Wamura, ya dage sai an gina duk da sukar da ya sha kan kuɗin. Ashe katanga tana ceto, tana kuma ruɗi, don da zarar an tsayar da ita mutane kan saki jiki su matso su yi gida a bayanta. Daga nan magana ta wuce ƙarfin rodi da siminti ta koma kan inda aka ajiye makaranta da asibiti, da hanyar gudu zuwa tudu, da minti nawa tsohuwa mai dogara sanda za ta yi kafin ta kai. Waɗannan duk lissafin mai tsara birni ne.

Kuɗi suka biyo baya. A 2013 gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta fito da shirin birane 100, tana biyan albashin shekara biyu na wani babban jami'i a kowane birni wanda aikinsa shirya wa bala'i. Accra da Legas suna ciki. A Maris 2015 ƙasashen duniya suka amince a Sendai da yarjejeniyar rage haɗarin bala'o'i zuwa 2030. A 2018 Bankin Duniya ya fara zuba kuɗi a shirin kare gaɓar Afirka ta Yamma. Holan, wadda ambaliyar 1953 ta kashe mata mutum 1,836, ta mayar da wahalarta haja: masananta ne a Jakarta, su ne a Bangladash, su aka kira New York bayan guguwar Sandy ta 2012. Yau wanda ya iya harhaɗa taswira a kwamfuta, ya iya karanta hoton tauraron ɗan'adam da ke auna nitsewar ƙasa, ya kuma iya rubuta takardar neman bashi yadda banki ke so, da wuya ya zauna ba aiki.

Sai dai ɗalibin da ya shigo don sha'awar taswira zai sha mamaki. A garuruwan arewa maso gabashin Japan, bayan an kwashe ɓaraguzai, abin da ya ci shekaru shi ne neman masu filaye. Ana so a sayi gefen dutse a baje shi a mayar da unguwa can, sai a tarar sunan da ke rajista na kakan kaka ne da ya rasu tun kafin yaƙin duniya na biyu, ba a taɓa raba gadon a takarda ba, magada sun kai gommai, sun watsu a Tokyo da Osaka har da ƙetare. Kowanne sai an nemo shi ya buga hatiminsa. Irin wannan ruɗanin filaye ya kai har Japan ta wajabta rajistar gado daga Afrilun 2024. Ga ƙarancin hannu: a garin Otsuchi ruwa ya ci magajin gari da ma'aikatansa kusan 40, sai da wasu birane suka riƙa ba da aron jami'ansu shekara da shekaru. Da dare kuma a zauna taro a zauren gidajen wucin gadi. Masunci ba zai yarda ya kwana inda ba ya hango jirginsa ba, wadda ta rasa 'ya'ya ba ta son sake haɗa ido da teku, ɗan kasuwa yana so a ba shi wurinsa na da ko da sama da ƙasa za su haɗu, jami'i kuma dole ya fito da zane ɗaya.

Hukumar garin Rikuzentakata, a wannan yanki, ta zaɓi ta ɗaga tsakiyar gari da kimanin mita 10. Aka yanke dutse, aka kafa bel mai tsawon kusan kilomita 3 yana jigilar ƙasa ta saman kogi. Ta fuskar injiniya, aiki ne na a zo a gani. Amma kafin a miƙa wa mutane fulotai shekaru sun shuɗe. Matasa sun sami aiki a wasu birane sun sa yara a makaranta can, tsofaffi da dama sun rasu suna jira. Mutanen garin sun ragu daga sama da 23,000 a 2010 zuwa kusan 18,000 a 2020, kuma fulotai da yawa a bisa sabon tudun ciyawa ce a kansu. A gaɓar yankin an gina katangu kusan kilomita 400, wasu sun haura mita 14, masunta suna ta ƙorafin an raba su da teku. Ba a cika sa wannan a takardun tallan kwasa-kwasai ba, amma tsarin da ya fi kowane aminci, in ya daɗe, yakan rasa waɗanda aka yi shi dominsu. A Constitución ta ƙasar Chile, bayan girgiza da tsunami na 2010, kwana 100 aka ba masanin zanen gine-gine Alejandro Aravena da abokan aikinsa su fito da tsari, kuma da aka tambayi mutanen gari sai aka tsaya a kan dasa kurmi a bakin kogin Maule, wanda zai karya ƙarfin igiya ya kuma zama wurin shan iska. Can ma sai da aka karɓi filayen wasu.

Japan ko ba komai tana da hukuma da ake jin maganarta. Turkiyya ce ta nuna abin da ke faruwa idan akwai ilimi babu iko. Bayan girgizar Izmit ta 1999, wadda ta kashe fiye da mutum 17,000, ƙasar ta sabunta dokar gininta a 2007 da 2018, jami'o'inta kuma suna yaye injiniyoyi da masu tsara birane na ƙwarai. Amma a 2018, gab da zaɓe, gwamnati ta yi afuwar gini: duk wanda ya yi gida ba izini, ko ya ƙara hawa a kan abin da aka amince masa, ya biya kuɗi a yi masa rajista, ingancin ginin kuma yana wuyansa. Miliyoyi suka nema. Ƙungiyoyin injiniyoyi da na masu tsara birane sun yi gargaɗi, aka yi kunnen uwar shegu da su. Kafin 2019 ma, ɗan kwangila ne ke zaɓar kamfanin da zai duba gininsa. Tayfun Kahraman, masanin tsara birane da a lokacin yake jagorantar sashen shirin girgizar ƙasa na hukumar birnin Istambul, an yanke masa ɗaurin shekara 18 a Afrilun 2022 a shari'ar zanga-zangar dandalin Gezi, don haka girgizar 2023 a kurkuku ta same shi.

An yi ta ba da labarin Erzin, gari mai mutum kimanin 42,000 a lardin na Hatay, inda ba gidan da ya rushe, ba wanda ya mutu. Magajin garin, Ökkeş Elmasoğlu, ya ce ya ƙi yarda da ginin da ba izini ko da na dangi ne. A yi wa labarin adalci: masana sun ce ƙasar Erzin ta fi ta birnin Antakya da ke lardin tauri, gidajen gajeru ne, shi kansa magajin garin a 2019 ya hau, yawancin gidajen sun riga shi. Duk da haka labarin ya nuna inda rai yake. Yana hannun jami'in da zai je wurin gini kafin a zuba kankare ya ƙirga tazarar zoben rodi a jikin ginshiƙi, ya dawo bayan shekara biyu ya ga ko mai gida ya sare ginshiƙin ƙasa don ya faɗaɗa shago. Aiki ne na ƙura da rana, albashi kaɗan, ga ɗan majalisa na bugo waya a ƙyale mutuminsa. Haziƙin ɗalibin da ya gama digiri na biyu a Turai ba nan yake nufa ba, kuma ban ga laifinsa ba; kamfanin ba da shawara zai biya shi ninkin-ba-ninkin, ya kuma kwana lafiya.

Akwai wani sakamako mafi ɗaci. Taswirar haɗari ba ta da ɓangare a kan takarda, amma a hannun hukuma takan koma takardar rusau, kuma katafila ta san unguwar da take shiga. A Jakarta an tashi mutanen Kampung Pulo a 2015 da sunan gyaran kogin Ciliwung, alhali manyan gine-ginen da ke zuƙe ruwan ƙasa suna tsaye. A Legas, tsakanin 2016 da 2017, an kori masunta kimanin 30,000 daga Otodo Gbame, kamar yadda Amnesty International ta ƙiyasta, kuma babbar kotun jihar ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki. 'Yan kilomitoci daga nan ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kan yashin da aka yaso daga teku, a bayan wata katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci. Duka biyun zaman bakin ruwa ne. Ɗaya an kira shi haɗari, ɗayan an kira shi zuba jari, kuma a kowanne akwai masu takardar shaidar sana'a da suka yi zane.

Gaggawa ma tana da tata ɓarnar. A Saint-Louis ta Sanagal, a Oktoban 2003, don a tsirar da birnin daga ambaliyar kogi, hukuma ta yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ya raba kogin da teku. Ruwan ya janye, amma ɓarakar ta yi ta faɗaɗa har ta kai kilomitoci, teku ya cinye ƙauyen Doun Baba Dièye.

A yankinmu, Accra ce ta haɗa haɗarin biyu, kuma maganar ta shafi Hausawa kai tsaye, don zangunanmu suna tsakiyarta. Mutane da yawa ba su san birnin na girgiza ba. Ta 1862 ta lalata fadar Christiansborg da ke Osu, ta 22 ga Yunin 1939 kuma ta kashe mutum 17, abin da ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta gina rukunan gidaje a wurare irin su Korle Gonno da Mamprobi. A lokacin mutanen birnin ba su kai 100,000 ba. Ƙidayar 2021 ta ba yankin Accra fiye da miliyan 5, kuma inda garin ya fi bazuwa, wajen Weija da McCarthy Hill har zuwa Kasoa, nan ne inda ƙasa ta fi motsi. A Disamban 2018 ma an ji ta.

Ambaliya kuwa ba ta bari a manta da ita. Ranar 3 ga Yunin 2015 ruwa ya cika dandalin Kwame Nkrumah, mutane suka fake a wani gidan mai, man da ya malala bisa ruwa ya kama wuta, aka rasa rai fiye da 150. Kafin wata ya ƙare katafila ta shiga Old Fadama a bakin tafkin Korle, unguwar da yawancin mazaunanta 'yan arewacin Ghana ne. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin kogin Odaw, da yashe magudanu, da kwasar shara, da gyaran unguwanni ciki har da Nima. Wanda ya san Nima ya san abin da faɗaɗa lambatu ke nufi a can: lungu da ƙyar mutum biyu ke giftawa, ɗakin haya a bisa bakin kwata, kowane taku na fili da mai shi da magadansa da ɗan haya. Injiniyan da ya zo da zane daga waje zai iya lissafa yawan ruwan da kwalbati zai ɗauka. Amma kafin a rushe bango ɗaya sai an zauna da sarkin zango da limamai da shugabannin mata, an yi maganar diyya da Hausa, an kuma sami wanda za a yarda da alkawarinsa. A ganina nan ne ɗan zango da ya karanta tsara birane a jami'ar Kumasi ya fi kowane baƙon masani daraja, kuma abin takaici sau da yawa matsayin tafinta ake ba shi.

Dokoki kam akwai su. Ghana ta yi sabuwar dokar tsara amfani da ƙasa a 2016, ta fitar da kundin ƙa'idojin gini a 2018 wanda ya yi tanadi kan girgizar ƙasa. Sai dai mafi yawan filayen ƙasar a hannun sarakuna da iyalai suke, su ke sayarwa, kuma sau tari bulo ne ke riga taswira isa wuri. Duk wanda ya zaga bayan garin Accra ya ga bangaye da rubutun jan fenti na hukuma, umarnin a dakatar da aiki a kawo takardar izini, ya kuma ga an ɗora hawa na biyu a saman rubutun. Yankin ya kasu ƙananan hukumomi 29, kogin Odaw yana ratsa da dama daga cikinsu, kowace da nata kwamitin ba da izini da nata neman kuɗin shiga, kuɗin izinin gini kuwa yana cikin abin da suke dogaro da shi. Rushewar kantin Melcom na Achimota a Nuwamban 2012, wadda ta kashe mutum 14, ba girgiza ta jawo ta ba, ginin ne ya kasa ɗaukar kansa.

Shirin Rockefeller an rufe shi a 2019, shekarar da Accra ta fitar da kundin tsarinta, aka bar wa birane su nemi yadda za su ci gaba da biyan jami'an. Kuɗin da ke shigowa yanzu galibi da sunan sauyin yanayi suke zuwa, saboda haka magudanu da shingen teku suna da mai ɗaukar nauyinsu, guraben aikin ma can suka karkata. Girgizar ƙasa ba ta da irin wannan asusu, waɗanda suka ga ta 1939 da idonsu kuma sun kusa ƙarewa. Matashin da ya fito da takardarsa bana zai fi saurin samun aikin kwangilar shekara uku a ofishin wani shirin ambaliya fiye da kujerar dindindin ta duba harsashin benayen da ake ɗorawa a gangaren Weija.